Zobon da Yaya ba ya sam wa kowa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Isiyaku, kuma duk tsawon shekarun nan, duk wanda ya tambaye mu abin da ya yi ajalinsa amsa ɗaya muke ba shi: asma. Mun faɗa a Manassas inda ya zauna, mun faɗa wa mutanen gida a Zariya ta waya, mun faɗa har bakinmu ya saba. To ba asma ba ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina aiki a wani asibiti kusa da Lanham, na san yadda mai asma yake tafiya, na kuma san yadda mai ciwon hanta yake tafiya. Hanta ce ta kai Yaya ƙasa, giya kuma ita ta cinye hantar. Sunayen da zan ambata a nan na canza su. Waɗanda suka san mu za su gane duk da haka, su yi haƙuri, in kuma ba za su yi ba su bari.

Asmar kam yana da ita, wannan ba ƙarya muka yi ba. Tun muna yara a Tudun Wada ba a kunna turaren wuta a ɗakin Innarmu saboda shi. In ta tashi sai Inna ta zaunar da shi ta jingina shi da ƙirjinta tana shafa bayansa, mu kuma mu yi tsit muna jin numfashinsa yana fito. Da wannan ƙirjin ya yi karatu har ya zama injiniya, da shi ya zo Amurka, shi ya kawo ni daga baya. A Sterling yake aiki, a irin manyan gine-ginen nan marasa taga da ake cika su da na'urori, shi ke kula da wutarsu da sanyinsu. Mutum ne mai ban dariya, dariyar da kullum tari ke ƙarasa ta. Ba ya kirana da sunana, Auta yake cewa, ko da na yi furfura. Kuma babu suna, babu walima, babu taron Sallah da za a yi a cikinmu ba tare da zobon Isiyaku ba. Da kansa yake dafawa, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ya cika kula babba ya ɗauko a bayan mota. Mata har tsokanar matarsa Larai suke yi, wai ta bari namiji ya fi ta hannu.

Yamma da Manassas akwai gonakin inabi, masu su suna yin giya a nan cikin gonar, mutane suna zuwa ɗanɗanawa. Can shugabannin wurin aikinsu suka kai su wani yawon ƙarshen shekara, can Yaya ya fara kai kofi bakinsa. Na tambaye shi daga baya me ya kai shi, ya ce kowa na riƙe da kofi, shi kaɗai ke tsaye da ruwan lemo kamar yaron da aka zo da shi. Bai gama kofin ba fuskarsa ta yi ja, ƙirjinsa ya rufe, sai motar asibiti ce ta ɗauke shi. Ni ya sa aka kira, bai sa an kira Larai ba. Likitan ya yi masa bayani a gabana: akwai wani sinadari da ake kira salfait, ana zuba shi a giyar inabi don kada ta lalace ko ta yi tsami, ana samunsa ma a wasu busassun 'ya'yan itace. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma wasu, musamman masu asma, da ya shiga jikinsu sai numfashi ya sarƙe.

Da likitan ya fita Yaya ya janye robar iskar da ke fuskarsa ya ce, "Auta, kin ga ikon Allah? Wasu wa'azi ake yi musu. Ni ɗan sanda aka ajiye mini a ƙirji."

Na ce masa ya gode wa Allah, wani hani ga Allah baiwa ne. Ya yi dariya har ya yi tari. Kuma wallahi ɗan sandan nan ya yi aikinsa shekaru. Na san Yaya ya sake gwadawa a ɓoye, domin na sake ganinsa da jan fuska yana lalubar maganin asmarsa na shaƙa a aljihu, amma duk gwajin da ya yi kayar da shi ake yi tun kafin ya ji daɗin abin. Wahalar tana riga daɗin zuwa, shi ya sa ya kasa sabawa.

Sai dai Yaya injiniya ne, kuma taurin kai gadonmu ne. A wurinsa duk abin da ya ƙi aiki akwai inda za a taɓa ya yi. Ya shiga karance-karance, ya gano cewa akwai ƙananan masu gonaki da suke yin giyar da ba a zuba mata salfait ɗin, ko a zuba ɗan kaɗan. Ranar da ya gaya mini, ya zo ɗaukata ne daga filin jirgi na dawo daga gida, jakata cike da kuka da daddawa. Muna kan hanya, idonsa na kan titi, ya ce, "Na samu wadda ba ta faɗa da ƙirjina."

Na gane abin da yake nufi nan take. Na yi salati, na yi masa tatas, na manta ma yayana ne. Ya bari na gama, sannan ya ce kofi ɗaya ne bayan aiki, kuma wannan lafiyayya ce, inabi ne zalla babu haɗi. Na ce, "Yaya, salfait huhu yake taɓawa. Barasa hanta take ci. Sun rage wancan, wannan tana nan yadda take." Ya ce to Malama Nas, an ji. Ya ƙara sautin rediyo.

Bari in yi adalci, don ba na son a ce baƙin ciki ya sa na yi wa mutane ƙage. Masu yin irin wannan giyar ba ƙarya suke yi ba. Ga mutanensu da addininsu bai hana su sha ba, waɗanda kofi ɗaya ke sa su atishawa da jan fuska da shaƙewar ƙirji, sun samu sauƙi, kuma ina ganin irinsu a wurin aiki suna ba juna labarin wadda ta karɓe su. Abin da ke jawo su ke nan, su zauna a tebur da abokai su sha kamar kowa ba tare da jikinsu ya tona musu asiri ba. Na fahimci wannan sarai. Abin da nake faɗa shi ne, a jikin Yaya wannan tonon asirin shi kaɗai ke riƙe da shi. Da aka cire masa shi babu abin da ya rage a tsakaninsa da kwalba, don tsoron Allah da kunyar mutane duk ya riga ya san yadda zai zagaye su.

Ga yadda ya zagaye. Kwalba ba za ta shiga gidan Larai ba, matar da ke koyar da yara Ƙur'ani ran Asabar da Lahadi. Sai ya sayi gorar ƙarfe irin ta ruwa, yana juyewa a ciki a gareji. Jar giyar inabi da zobo kuwa launinsu ɗaya. Ya ci gaba da kawo kularsa wurin taro, kowa ya ɗiba ya sha ya sa albarka, shi kuma yana gefe da gorarsa. In yaro ya zo ya ce Kawu sam mini, sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Nawa ba sukari, na masu ciwo ne." Kullum da kanumfari a bakinsa yana taunawa, kuma wa zai yi mamakin mai dafa zobo yana warin kanumfari?

Manya sun sani. Kada wani ya ce mini bai sani ba, na ga yadda maza ke kawar da kai in ya buɗe gorar. Amma mu an koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a ƙasar mutane mun fi riƙe wannan karatun fiye da a gida, don ba mu da yawa, kowa ya san kowa, maganar da aka yi a Sterling da azahar kafin la'asar ta isa Kano. Ni na yi magana. Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo masa takardun wuraren da ake taimakon masu irin matsalarsa, ya shimfiɗa su a ƙasan motarsa saboda laka. Na yi fushi na daina zuwa gidan, na dawo, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Har yau ban san abin da yake nema ya kashe a cikinsa ba. Na dai lura kofi ɗayan ya zama gora bayan rasuwar Inna, wadda aka binne yana cikin jirgi bai iso ba.

Sannu a hankali idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya taso, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Nafisa, lokacin tana da shekara goma sha biyar. Da ta tambayi uwarta me ke damun Abba, Larai ta ce maganin asma ne ke kumbura shi. Ya rasu wata Talata da rana tsaka, ina riƙe da hannunsa. Abin takaici, ƙirjin nan da muka yi ta tsoro tun muna yara, lafiya lau yake numfashi har kusan ƙarshe.

A ranar, kafin gidan ya cika da masu gaisuwa, wani dattijo da duk muke kira Baba Alhaji, wanda ya riga kowa zuwa ƙasar nan a cikinmu, ya kira ni da Larai kicin. Ya ce, "Hajara, ke ce ta asibiti, ke za a fi tambaya. Abin da Allah ya rufe bawa ba ya buɗewa. Yarinyar nan mace ce, gobe aure za ta yi. Asma ce." Na ce Baba, mu rufe wa na waje na yarda, amma 'yarsa fa, jininsa ne a jikinta. Larai ta kama hannuna tana kuka ta ce, "Don Allah ki bar mata ubanta." Ban ga laifin Larai ba a ranar, yau ma ban gani ba. Mace ce da aka bar wa marainiya a ƙasar da ba tata ba, kuma sunan mijinta ne kaɗai abin da take ganin za ta iya tsarewa.

Yau in na shiga kantin da nake sayen albasa da shinkafa, in na bi ta layin da ba nawa ba, ina ganin kanta guda cike da irin giyar da Yaya yake tuƙa mota zuwa ƙauye nemanta. An zana ganye a jikin kwalaben, an rubuta ta gargajiya ce, ba haɗi, salfait kaɗan. 'Yan mata masu fitowa daga motsa jiki suna juya su suna karantawa kamar masu zaɓen magani. Nakan tsaya in ce da Yaya na nan me zai ce? Wani lokacin ina jin zai yi dariyar nan tasa ya ce, kin gani Auta, ni na riga su ganewa. Wani lokacin kuma ina tuna fuskarsa a makon ƙarshe, da ya ce in rufe madubin banɗakin asibiti da tawul don ba ya son ganin idonsa, sai in ce a'a, zai kama hannun yaran nan ne ya ce su ajiye. Ban sani ba. Mamaci ba ya amsa tambaya, ni kaɗai nake tsaye da kwandon albasa ina magana da kaina.

Nafisa ta girma. Shekararta ashirin da huɗu, tana aiki a cikin Washington, tana zaune ita kaɗai a wani ɗakin haya a bene. Ta ɗauko goshin ubanta da dariyarsa, ta kuma ɗauko ƙirjinsa. Tana jin Hausa tsaf amma da Turanci take amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu na nan. Ban taɓa ganin mai kiyaye asma irinta ba. Babu kafet a ɗakinta. Ƙawarta mai kyanwa ba ta shiga gidanta. Ta roƙe ni in daina shafa humra in zan zo wurinta. Kowace jaka tata da abin shaƙa a ciki. Ta sha gaya mini ba za ta bari abin da ya kashe Abba ya kashe ta ba, ni kuma in ce Allah ya tsare.

Makonni kaɗan kafin Babbar Sallah na kai mata tuwon shinkafa da miyar taushe wata Asabar da rana. Na buɗe firji zan ajiye, sai ga kwalba a jikin ƙofar, an sha rabi, da ganyen nan a jikinta. Na buɗe ƙasan wurin wanke-wanke ina neman leda, na tarar da kwalabe irinta wayam a jere. Ban ƙirga ba, ban so in sani.

Ta shigo ta gan ni, ba ta ma firgita sosai ba. Ta ce ta san haramun ne, wannan tsakaninta da Allah ne, don Allah kada mu yi wannan faɗan yau. Sannan ta ɗauko kwalbar ta juyo mini bayanta tana nuna mini da yatsa, har da ɗan alfahari. Ta ce in don lafiyarta ne in kwantar da hankalina, ta yi bincike, ta san ƙirjinta irin na Abba ne, shi ya sa take sayen wadda salfait ɗinta kaɗan ne, ba ta taɓa sa ta ko tari ba. Ta ce, "Ina kiyayewa, Goggo. Ba zan tafi yadda ya tafi ba."

Innalillahi. Yarinya ta shekara tara tana gadin ƙofar da muka nuna mata, ɓarawon kuwa ya shigo ta wadda muka rufe da labule. Na zauna a kujerar kicin na ce ta zauna. Na ce, "Kin tuna zobon Abbanki, na cikin gorar ƙarfe?" Ta ce ta tuna. Ta ce sau ɗaya ta ɗauka za ta sha tana ƙarama, ya buge mata hannu har gorar ta faɗi, kuma bai taɓa dukanta ba sai ranar. Sai na gaya mata. Na gaya mata gonar inabi da motar asibiti da ɗan sandan ƙirji, na gaya mata idon da ya yi ɗorawa, na gaya mata abin da aka ce a kicin ranar rasuwa. Na ce irin wannan kwalbar ce da ke hannunki, ita ce ba wata ba, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Da ta buɗe baki da Hausa ta yi magana, Hausar da ban san tana da ita ba. Ta ce, "Kun bar ni ina gudun kyanwa." Sannan ta ce in tafi. Na tafi na bar tuwon a kan tebur.

Washegari Larai ta kira ni. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kin tona asirin wanda ke cikin kabari. Me ya yi miki, Hajara?" Tun ranar ba ta sake ɗaga wayata ba. Nafisa ma haka. Na kwana ina tambayar kaina ko Yaya zai gode mini ko zai tsine mini, don bai taɓa ce mini in gaya mata ba, bai kuma taɓa cewa kada in gaya mata ba. Abin da na sani shi ne hannun da ya buge ranar nan, so ne ya buge shi.

To me ya rage na Isiyaku bayan shekara tara? Ginin da ya yi wa aiki yana nan, an ƙara masa wasu a gefe, babu wanda ya san sunansa a ciki. Yaran da ya koya wa lissafi a falonsa kyauta wasu sun zama injiniyoyi, suna yi masa addu'a, suna cewa asma ta yi mana ɓarna. Ni kaina, duk abin da na zama a ƙasar nan shi ne sila, kuma har yau in wani abin dariya ya faru shi nake fara tunanin kira. Sunansa mai kyau ya rage, mun tsare shi da kyau, ba ko tabo. Abin da nake tsoro shi ne da me muka tsare shi.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi mun taru a wani filin shaƙatawa kusa da Sterling kamar yadda muka saba. Larai ta zauna nesa da ni. Can sai ga Nafisa ta zo, ta sha lalle da atamfa, ta yi kyau har na ji hawaye. Ta bi manya ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa, ta zo gabana ta rusuna ta ce Goggo barka da Sallah. Zuciyata ta yi sanyi. Sai da ta miƙe na ga abin da ke hannunta, gorar ƙarfe. Ban sani ba ko tasa ce ta ɗauko a gareji, ko sabuwa ta saya, duk kamarsu ɗaya.

Na ce, "Me ke ciki?"

Ta ce zobo.

Na miƙa hannu na ce ɗan sam mini. Ta dube ni da idon ubanta, ta yi murmushi, ta janye gorar zuwa ƙirjinta.

"Nawa ba sukari, Goggo."

Wataƙila zobon ne. Wataƙila ta zubar da kwalaben tun ranar, tana so ne kawai ta rama, in ji yadda ake ji in naka ya ɓoye maka abu. Ina roƙon Allah ya sa hakan ne, ina roƙonsa a kowace sujada, tare da roƙon ya yafe wa Yaya ya sassauta masa kwanciya. Amma kafin in yi magana kwalbar tana jikin ƙofar firji inda kowa zai gani, yanzu kuwa tana cikin ƙarfe. Da ta sunkuyo ta rungume ni za ta tafi, na ja numfashi da dukkan hancin da shekarun asibiti suka ba ni. Ban ji warin komai ba sai kanumfari.